In Allurar Baƙin Mai Ta Faɗi, A Kashe Inji Tukuna

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da ruwan Gulbin Rima ya janye daga fadama, ba zai rasa ganin taraktoci suna ta haro ba, tun daga fadamar Ambursa da ta Zauro har ya kusa shiga Argungu. Ba kuwa zai rasa ganin wata guda ta tsaya cik a tsakiyar gona ba, direba na zaune a inuwar taya, mai gona ya yi tagumi a gefe. In matafiyin ya tambaya me ya faru, amsar guda ce: inji ya buga. In ya ƙara tambaya, sai a ce masa ai tsufa ne, motar ta girmi direbanta.

To, wannan magana ta tsufa tana bukatar a sake dubanta. Gaskiya ne motar ta tsufa. Amma tsohon inji ba ya mutuwa farat ɗaya ba sallama. Kafin ya buga sai ya yi gargaɗi, gargaɗin kuwa yana gaban direba, cikin ɗan agogon nan na baƙin mai mai allura guda. Abin da ya fi kashe tsofaffin taraktoci a kwarin nan shi ne 'yan mintocin da ake ci gaba da aiki bayan allurar ta faɗi. Laifin waɗannan mintoci kuwa, in aka bi diddigi, ba na direba ba ne shi kaɗai.

Tarakta ba baƙuwa ba ce a wannan wuri. Tun wajen 1950, zamanin En'e, aka fara kawo motocin noma domin kaftun fadamun shinkafa na Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da ƙasar Gwandu da ta Argungu. Daga baya aka samu waɗanda ake harhaɗawa a gida, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Amma wadda ta fi shiga ran manoma ita ce ja ɗin nan, Massey Ferguson. Har yanzu akan ci karo da samfurin 135, mai injin Perkins silinda uku, wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila tun wajen 1964. Akwai kuma 165 mai silinda huɗu, da 375 wadda ta zo daga baya. A watan Nuwamba na 2015 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance. A 2017 aka buɗe injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Da shinkafa ta yi daraja, sai aka koma gindin itatuwa da bayan gareji aka yi ta tayar da motocin da suka daɗe a kwance. Su ne talaka ke samu haya a yau, su ne kuwa ya kamata a yi ta lallaɓawa, tun da sabuwa ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Kafin a san abin da allurar nan ke faɗi, sai an san yadda baƙin mai ke yawo cikin inji. Manomin rani ya fi kowa saurin gane wannan, gama kullum yana tare da injin ban-ruwa. Injin ban-ruwa ba ya yin komai sai ya jawo ruwa daga rijiya ko gulbi ya tura cikin tiyo. In aka matse bakin tiyo da yatsa, ruwa ya yi tsiri ya tafi nesa. In aka saki, sai ya zuba nan gindi. In tiyon ya huhhuje, ko an matse baki ba a samun ƙarfi, domin ruwan ya zurare a hanya. In kuwa laka ta toshe rariyar da ke cikin ruwa, ko tiyon jawowa ya tsage yana shan iska, to injin sai ya yi ta ƙara a banza.

Haka famfon baƙin mai yake, ba ragi ba ƙari. Yana jawo mai daga kwanon ƙasa ta cikin 'yar rariya, ya tura shi ta filta, sa'an nan man ya bi wasu ƙananan hanyoyi cikin jikin inji har ya isa karanshaf, watau ƙarfen nan mai gwiwoyi da fistin ke juyawa. Karanshaf yana kwance cikin wasu ɓawon ƙarfe masu taushi, waɗanda kanikawa ke kira metal. Tsakaninsu akwai 'yar tazara kamar kaurin gashin kai. Baƙin mai ne ke cika tazarar, har ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, karanshaf iyo yake yi a kan mai. Ƙuncin wannan tazara shi ne yatsan da ya matse bakin tiyo. Famfo turawa kawai yake yi, matsin da allura ke nunawa daga ƙuncin hanya yake fitowa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin bakanike.

A injin Perkins irin na waɗannan motoci, in ya yi zafi yana bisa aiki, ana son allura ta tsaya tsakanin 30 da 60 a awon Ingila, watau 2 zuwa 4 ke nan a agogon da ke da ƙananan lambobi. Waɗansu agogunan ba su da lamba ko ɗaya, sai kore da ja. Waɗansu motocin ma ba agogo, sai 'yar jar fitila, ita kuwa ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa ƙaƙaf, saboda haka mai fitila ya fi mai agogo ƙarancin lokaci. Injin da ke jan haro yana juyawa wajen sau 1,800 a minti, sau 30 ke nan a daƙiƙa guda. In mai ya yanke aka ƙara minti goma, karanshaf ya goga jikinsa da metal sau 18,000 a bushe. Metal ya narke, ya manne, wani lokaci sandar fistin ta tsinke ta fasa jikin inji ta leƙo waje. Wannan shi ne bugawar da ake ɗora wa tsufa.

To, ga yadda abin ke faruwa. A ɗauka wajen azahar ne, rana ta take, saura rabin eka a gama gona. Direba ya ga allura ta gangara cikin ja, ya taka kuloci. Mai gona ya sheƙo a guje, ya ce, "Haba malam direba, ka rufa mini asiri. Kwana tara ina bin layi, ga iri ya isa dashe." Direba ya buga wa maigidansa waya, ya ce, "Alhaji, allurar mai ta sauka." Daga can aka ce masa, "Kai dai ƙarasa, in ka dawo ma duba." Shi kansa direban da yawan filin da ya yi ake sallamarsa, in ya tsaya ba shi da na cefane. Mutum uku ke nan, kowa na da hujja, kuma dukkansu sun haɗu a kan abu guda, a ci gaba. Ba wanda ya tsaya wa inji. Rabin ekar nan ita ce za ta ci kuɗin eka masu yawa, ta kuma bar sauran manoman da ke layi ba mota har lokaci ya wuce.

Abin da ya kamata shi ne a kashe inji nan take, a inda aka ga allura ta faɗi, ko da a tsakiyar gona ne. Kada a ce bari a kai bakin hanya. Sa'an nan a fara bincike daga mai araha zuwa mai tsada, kada a fara da kwance inji.

A dakata minti biyar ko goma mai ya koma ƙasa, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. In motar ta karkata cikin rami a tuna awon zai yi ƙarya. A leƙa ƙarƙashi, ko notin zubar da mai ya kwance, ko robar filta ta fashe, ko siririn bututun da ke kai mai agogo ya tsage yana fesawa. A bi sawun motar da ido, in akwai baƙin layi a ƙasa an ga ɓarawo. Sau da yawa maganar ba ta wuce nan: inji tsoho yana shan mai, ba a duba da safe ba, kwanon da ke cin wajen lita shida saura kaɗan a ciki. Alamar wannan ita ce allura ta riƙa rawa, tana faɗuwa in an yi kwana ko an faɗa rami, tana tashi in an daidaita, domin rariya tana shan iska.

In mai bai ragu ba, sai a dubi irinsa. A nan ne hanci da yatsa suka fi sifana amfani. In awo ya haura alama ba wanda ya ƙara, man ya tsinke kamar ruwa, yana warin man dizal, wanda aka fi sani da gas, to gas ne ke zurarewa cikin kwano. Yakan bi ta ɗan famfon da ke jawo gas daga tanki in fatarsa ta huje, ko ta robar babban famfon gas, ko kuwa nozul ne ke ɗiga maimakon fesawa. A ɗiga man a kan farar takarda, in akwai gas da yawa za a ga wani zobe mai haske ya bazu kewaye da baƙin ɗigon. Direbobi da dama murna suke yi in sun ga mai ba ya raguwa, har su yaba wa motar. Ashe injin da ke ƙara wa kansa mai ya fi mai shan mai haɗari. In kuwa man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, ko daga lagireto ta gaskit ɗin kan inji, ko daga waje. Ruwa da gas duk ba su iya ɗaukar nauyin karanshaf. Ba a tayar da wannan inji sai an toshe inda suke shiga, an zubar da man, an sa sabo da sabon filta.

In mai ya cika, kuma lafiyayye ne, saura a tuhumi agogon kansa. Agogon da ya shekara 40 yana shan ƙura da girgiza yana iya yin ƙarya, waya tana iya tsinkewa, bututu yana iya toshewa. Amma fa ba a yanke wa agogo hukunci da baki. Bakanike na ƙwarai yana da nasa agogon gwaji a akwati. Sai ya kwance na motar, ya ɗaura nasa a ramin, a tayar da inji a silo 'yan daƙiƙoƙi ana kallo ana saurare. In allura ta tashi, an huta, agogo ne ya mutu, a sayi wani. In ba ta motsa ba, a kashe nan da nan. Bakaniken da ya zo ba agogon gwaji, ya kasa kunne kawai ya ce famfo ne, wannan duba yake yi, ba gyara ba.

Yadda allura ta faɗi ma labari ne, shi ya sa ake son direba mai lura. In ta faɗi gaba ɗaya lokaci guda, mai yana nan, agogo lafiya, to wani abu ya karye ko ya kwance a ciki, ko abin da ke juya famfo, ko bututun rariya. In ba ta tashi sosai ko da safe ko da rana, a tuhumi bawul ɗin da ke rage matsi. Wannan ɗan bawul aikinsa shi ne ya buɗe in matsi ya yi yawa ya mayar da rarar mai kwano. Ƙwayar datti guda tana iya tokare shi a buɗe, ko sifirinsa ya karye. In allura tana jinkirin tashi, ko tana sauka sa'ad da aka ƙara wuta maimakon ta hau, rariya ce ta toshe da dauɗa. Waɗannan duka gyara ne mai sauƙin kuɗi, ko da yake sai an sauke kwanon ƙasa, shi kuwa ƙarfe ne mai nauyi, a waɗansu samfura ma yana cikin abin da ke riƙe da gaban motar, sai an tokare ta da kyau. Ba aikin tsakiyar gona ba ne, a jawo ta gida da wata motar.

Akwai kuma alamar da ta fi yawa a tsofaffin injuna, ita ce kuwa ta fi bukatar a fahimce ta. Da safe allura ta hau har ta ba da sha'awa. Bayan awa guda ta fara sauka. Da rana ta yi zafi, in aka sassauta wuta sai ta kwanta kusa da ja. Wannan metal ne ya cinye, tazarar ta faɗaɗa, tiyo ya huhhuje ke nan. Mai mai sanyi yana da kauri, yana toshe tazarar, in ya yi zafi ya tsinke sai ya zurare. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi a kwarin nan ke wuce digiri 40, abin ya fi tsanani. Don a tabbatar, a cire filta a yanka, a shimfiɗa takardar cikinsa a rana. In an ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin azurfa ko jan ƙarfe, to metal ne ke zubowa. In aka kama shi da wuri, sabon metal kawai yana iya isa. In aka bari ya ƙarci karanshaf, sai an ɗauke shi an kai wa masu injin sassaƙa, a rage masa kauri, a nemo metal daidai da sabon awon. Ragin kuwa yana da iyaka, galibi mataki uku ne, kashi 10 ko 20 ko 30 cikin dubu na inci. Wanda ya cinye matakin ƙarshe sai sayen wani karanshaf.

A nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa, iri-iri. Mafi muni shi ne a cire ƙwan fitila, ko a tsinke waya, ko a toshe bututun agogo da ƙusa, wai yana tayar wa direba hankali. Wannan daidai yake da mai gida ya kori kare don yana hana shi barci. Wani kuma sai ya zuba man giya mai kauri cikin inji don allura ta tashi. Lalle za ta tashi. Amma da sanyin hunturu wannan man ba ya isa inda ake bukatarsa da wuri, magungunan da ke cikinsa kuma ba domin inji aka yi su ba. Akwai dabarar da ta fi waɗannan kama da ilmi, ita ce a cusa washa ƙarƙashin sifirin bawul don ya ƙara tauri. A tsaya a yi tunani. Bawul ɗin nan ba ya buɗewa sai matsi ya yi yawa. In inji ya yi zafi matsi ya faɗi, ai dama a rufe yake, ko washa goma aka sa ba abin da za ta ƙara. Abin da take yi kawai shi ne ta sa matsin safe ya haura har ya iya fasa robar filta. Sai kuma sayen sabon famfo ba tare da an buɗe metal an duba ba. Famfo yakan cinye, ba shakka, in an kwance inji ma ya kamata a auna shi. Amma wanda ya sayi sabon injin ban-ruwa ya haɗa da tiyon da ya huhhuje, kowa ya san ruwan da zai kai gona.

Don adalci sai a faɗi wannan. Ba kowane injin da allurarsa ta yi ƙasa a silo ne za a kwance gobe ba. Tsohon Perkins yana da haƙuri. In allura tana hawa cikin kore da zarar an ba da wuta, ba ƙara, ba ƙyalƙyali a filta, motar tana iya ƙarasa aikin shekara, muddin an sa mata man injin dizal na kirki, irin mai lamba 40 ko 15W-40, an wanke lagireto kada ta yi zafi, an kuma rage mata nauyi. Wannan lallaɓawa ce da ido a buɗe, ana sane da ranar gyara. Ita dabam, rufe ido dabam. Kada kuma a rikita wannan da matsalar ɗaga garma. Man da ke ɗaga garma a Massey yana cikin akwatin giya ne, da nasa famfon, ba ruwansa da agogon inji.

Me ke cinye metal tun farko? Ƙura ce da mugun mai. Wanda ya ga tarakta tana haro a busasshiyar fadama cikin hunturu ya san ba a ganin direba don ƙura. Matatar iskar tsofaffin motocin nan tana da ɗan kwano na mai a ƙasa wanda ke kama ƙurar. A irin wannan aiki kullum ake duba shi, in ya yi taɓo a wanke a sake mai. In aka bari, ƙurar ta wuce cikin inji, ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Game da mai kuwa, araha ba ta ado. Man da aka auno cikin kwalba a bakin hanya, ba a san daga wace ganga ya fito ba, yana iya zama wanda aka zubar daga wata mota aka tace. Littattafan irin waɗannan motoci sukan ce a sauya mai bayan awa 200 zuwa 250 na aiki. Motar haya da ke fita tun asuba sai magariba tana cika wannan cikin mako uku zuwa huɗu, ba shekara ba. 'Yan kasuwar da ke sayar da mai da filta su ma suna da hannu a nan. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa jabun filta, in motar ta kwanta, har gonarsa tana cikin waɗanda za su rasa haro.

Saboda haka mai mota shi ne ya fi kowa alhaki. Shi ke sayen mai, shi ke cewa a gyara agogo ko a bari, shi ne kuma ya tsara biyan da ya sa tsayawa ta zama asara ga direba. Agogon baƙin mai yana cikin kaya mafi araha a jikin tarakta, amma sai a ga mota an yi mata sabon fenti, an rubuta mata kirari a gaba, agogo kuwa ya mutu tun bara waccan. Kamata ya yi mai mota ya faɗa wa direbansa a gaban shaidu cewa duk ranar da ya kashe inji saboda allura, sallamarsa ta ranar tana nan, wanda kuwa ya ga ja ya ci gaba, shi ne mai laifi. Ƙungiyoyin manoma masu motar haɗin gwiwa su ma su rubuta haka cikin dokarsu. Akawun ƙungiya ya ajiye ɗan littafi, kullum a rubuta awa nawa aka yi, mai nawa aka ƙara, ina allura ta tsaya da safe, ina ta tsaya da la'asar. Metal ba ya cinyewa dare ɗaya. Littafin zai nuna saukar allura wata biyu ko uku kafin kunne ya ji ƙara.

Masu motoci za su ce ai in aka ba direba wannan dama, malalaci ya samu mafaka, kullum sai ya ce allura ta faɗi ya je ya kwanta. Maganar tana da kama da gaskiya, amma ƙaryar allura ba ta kwana. Agogon gwaji zai tona ta cikin minti biyar, littafi ma zai tona ta. A kuma auna asarar biyu: yini guda da aka yi hasararsa a banza, da injin da ya buga a tsakiyar lokacin haro, a tafi Sakkwato ko Kano neman kaya, a dawo an tarar wasu sun yi dashe. Manoma kuma za su ce su lokaci ba ya jiransu, irin da ya wuce kwanakinsa a gado ba ya yin 'ya'ya da kyau. Wannan gaskiya ce tsantsa, ba mai musunta. Sai dai mai gonar da ya matsa a ƙarasa masa rabin eka bai ceci lokaci ba, ya ɗauke shi ne daga hannun mutum ashirin da ke bayansa a layi. Abin da ya dace a nema masa shi ne alkawari: in mota ta tashi, da gonarsa za a fara, in kuwa gyara zai daɗe, a mayar masa da kuɗin sauran filin a ranar ya nemi wata.

Wanda ke shirin sayen tsohuwar tarakta shi ma ya kiyaye. Mai sayarwa zai so a zo da sassafe, a tayar da ita da sanyi, allura ta hau. Kada a biya sai an ɗaura mata haro ta yi awa guda cikin rana, sa'an nan a sassauta wuta a dubi agogo, a zaro sandar awo a ga ko man giya aka ɗura mata.

Lokacin babban gyara kuwa sananne ne a kwarin Rima. Daga Agusta zuwa Oktoba fadama tana cikin ruwa, mota ba ta da aikin kirki, kanikawa ba su da cunkoso. A nan ne ake sauke kwanon ƙasa, a wanke rariya, a buɗe metal a duba, ba cikin Janairu ba. A kuma fitar da motar tudu tun kafin gulbi ya kawo, kada a manta da ambaliyar 2020 wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. Motar da ruwa ya taɓa rufe wa inji, ko da ta bushe sarai daga waje, ba a murza mata makulli sai an kwance notin ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwance a gindin kwano daidai bakin rariya, shi famfo zai fara sha.